Haƙorin Kifi a Tudun Dange

Alli ya ƙare mini ranar Laraba,
sai na ce su bar allo, su ɗaura takalma.
Mu ashirin da uku a motar Ɗan'ige,
jarkar ruwa biyu, da rake, da surutu,
muka bi hanyar Gusau har gefen Dange,
inda ruwan damina ya tsaga tudu
kamar yadda mahauci ke buɗe haƙarƙari.

Na ce, ku duƙa. Yau ƙasa ce littafi,
kuma shafin ƙasa ya girmi na sama.

Shafa'atu ce ta fara ihu.
Wani abu baƙi mai tsini a tafinta,
bai kai ƙwayar gujiya ba.
"Malam, wanga mi ne?"
Na ce, haƙorin kifi ne, kifin teku.
Suka dubi ƙaya, suka dubi rana,
suka dube ni kamar zazzaɓi ke magana.

Teku ya kwana a nan, na ce musu,
tun babu Rima, tun babu mai raɗa mata suna.
Farin dutsen da ake ƙonawa a Kalambaina
ɓawon 'yan ruwa ne da ya taru ya daskare.
Ɗakin da kuka kwana jiya, in na siminti ne,
da ragowar teku aka shafe bangonsa.

Can wajen Goronyo an tono ƙashin
wani ƙadangaren ruwa, kusan tsawon motar nan.
A wannan tudun ba za ku same shi ba.
Mai haƙorin nan bayansa ya zo.
Tsakanin shafin can da shafin nan
an yi wani dare.

"To mi yak kashe shi?" in ji Jabbi,
bakinsa cike da rake.

Na ɗauki dutse na maka a kududdufi.
Laka ta fantsama har rigar Luba.
Na ce, irin wannan, amma daga sama,
faɗinsa tafiyar sa'a biyu a ƙafa.
Ba wanda ya danne ne abin tausayi ba,
shi ya huta tun da wuri.
Toka ce ta hau ta rufe rana,
ganye ya mutu, mai cin ganye ya bi shi,
mai cin mai cin ganye ya zauna yana jira.
Yunwa ba ta ƙara, amma ta fi dutsen aiki.

Kafin wannan ma an yi, har sau huɗu.
Wani karon ƙanƙara ta shanye gaɓar teku.
Wani karon ƙasa ta yi ta aman wuta
shekara dubu bisa dubu ba ta gaji ba,
iska ta yi zafi, ruwa ya rasa numfashi,
ya koma kamar tsohon jiƙon marina.
Wannan ya fi duka muni,
kuma babu abin da ya faɗo daga ko'ina.

Luba na goge riga ta ce, "Wa yat tsira?"
Na ce, ƙanana. Masu rami, masu cin komai.
Da tsuntsu. Zakaran gidanku
dangin manyan nan ne da suka tafi.
Dariya ta kusa kada Jabbi a kwari.

Ɗan'ige bai yi dariya ba.
Yana jingine da taya, yana saƙace.
Ya ce, "Malam, ina yaro, a mahauta
sai ka kori ungulu da sanda kafin ka wuce.
Yaushe rabonka da ganin ɗaya?"

Na buɗe baki. Na ƙirga baya.
Na wuce aurena, na wuce bautar ƙasa.

Babu wannan a takardar da na shirya.

A hanyar komawa ba a yi waƙa ba.
Shafa'atu ta ƙulle haƙorin a bakin mayafi,
ta leƙa ta taga tun daga Shuni,
kanta a sama, tana duba.